Murya Ba Ma'ana: Tsokaci a Kan Ayyukan Ligeti da Berio

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wasu ayyuka biyu na rukunin mawaƙan gwaji a Turai, waɗanda suka gwama magana da raha da waƙa, domin a auna da'awar da aka gina su a kanta, wato cewa murya kan isar da saƙo ko da an raba ta da ma'anar kalma.

2.0 Ayyukan Biyu

György Ligeti, mutumin Hungari, ya tsara Aventures a 1962 domin mawaƙa 3 da makaɗa 7. Babu kalmar wani harshe a cikinsa. Gaɓoɓi ne da ya ƙaga ya rubuta da alamomin furuci. Mawaƙan kan yi haki da raɗa da ihu da dariya, sai mai sauraro ya ji kamar ana gardama ko zawarci, alhali ba a faɗi kome ba.

Luciano Berio na Italiya kuwa wata hanya ya bi a A-Ronne, wanda ya tsara wa gidan rediyo a Holan a 1974 domin 'yan wasa 5, ya kuma sake shi a 1975 domin muryoyi 8 na rukunin Swingle. Ya ɗauki gajeriyar waƙar Edoardo Sanguineti, wadda tsintuwa ce daga harsuna da littattafai daban-daban, ya sa ana ta maimaita ta: nan da muryar mai talla, can da ta mai wa'azi ko mai ba soja umarni. Kalmomin ba su sauya ba, amma saƙon ya sauya a kowane zagaye.

3.0 Sharhi

Nasarar ayyukan tana cikin raharsu. Ba a yi wa abin da ba a fahimta ba dariya, saboda haka dariyar 'yan kallo hujja ce cewa amon murya na ɗauke da nahawun kansa. A nan Berio ya ɗara Ligeti, domin da ya riƙe kalma wuri guda ya juya murya, ya nuna rabon kowace, kamar yadda manazarcin harshe kan yi da tagwan kalmomi.

Sai dai da'awar na da iyaka. A harsunan da aka yi gwajin, hawa da saukar murya ba su cika bambanta kalma da kalma ba. A Hausa kuwa karin sauti ne ya raba kukan yaro da kukar miya, haka ma lamarin yake a Yarbanci da Ibo. Wanda ya murɗa muryar kalmar Hausa yadda Berio ya yi, yana iya faɗawa cikin wata kalmar. Watakila shi ya sa 'yan kama suka bi akasin hanyarsa: su riƙe rauji irin na karatun malamai, su zuba zancen tuwo da nama.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ayyukan biyu sun tabbatar da ƙarfin amon murya, amma ba su tabbatar da cewa ƙarfin daidai yake a kowane harshe ba. Ya rage ga manazarta harsunan Nijeriya su binciko iyakar da murya za ta kai kafin kalma ta karye.