Rawar Bale da Ɗaliban da Suka Fara Bayan Sun Girma

A biranen Landan da Paris da New York, da an tashi daga aiki da yamma, ɗakunan koyon rawa da yara suka cika da rana sai su koma hannun manya. Ma'aikatan ofis ne da malaman jinya da 'yan fansho, kowa ya dafa doguwar sandar da aka kafa a jikin bango, yana kallon kansa a madubi. Rawar bale suka zo koyo, wadda aka san ta da tsayuwa a kan yatsun ƙafa da tsalle mai kama da shawagi. Sai dai tsarin koyar da ita ba don su aka gina shi ba, shi ya sa samun ajin da ya dace da babba yake da wuya fiye da yadda ake zato.

Asalinta rawar fada ce. A fadojin Italiya ta tsiro a ƙarni na 15, ta ƙetara Faransa, inda fadawa da matansu suke yin ta don nuna ladabi da iya tafiya. Sarki Louis na 14, wanda shi kansa ɗan rawa ne, ya kafa mata makaranta a 1661, kuma malaminsa Pierre Beauchamp ake danganta wa tsayuwar ƙafa guda biyar da har yau da su ake farawa. Daga baya rawar ta bar fada ta hau dandamali, ta zama sana'a. An buɗe makarantar gidan wasan Paris a 1713, ta St. Petersburg a Rasha a 1738. Da Marie Taglioni ta yi fice da rawa kan yatsu a 1832, abin da ake nema daga jikin mai rawa ya ƙara tsanani. Makarantun kuwa yara suke ɗauka.

Hujjar makarantun ita ce ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar Vaganova a Rasha tana ɗaukar yara wajen shekara 10, ta riƙe su shekara 8, tana tankaɗe su a hanya, wanda jikinsa bai bayar ba a sallame shi. Misty Copeland, baƙar fata ta farko cikin mata da ta kai matsayin babbar 'yar rawa a kamfanin American Ballet Theatre a 2015, tana da shekara 13 ta fara, kuma ana lissafa ta cikin waɗanda suka makara. To ina ga mai shekara 40?

Akwai gaskiya a hujjar. Ginshiƙin rawar bale shi ne juya ƙafafu waje tun daga ƙugu, har duga-dugai su haɗu yatsu su kalli gefe da gefe. Iyakar wannan juyi ya dogara da siffar gaɓar ƙugu, kuma ƙashin babba ya riga ya zauna. Zai iya ƙarfafa naman da ke riƙe gaɓar, amma ba zai sauya ƙashin ba. Wanda ya matsa wa tafin ƙafarsa ya juya fiye da abin da ƙugu ya yarda, gwiwa ce za ta biya bashin. Amma wannan hujja ta masu neman sana'a ce. Babban da ya zo aji ba dandamali yake hari ba, yana neman daidaiton tsayuwa da ƙarfin ƙafa da jin daɗin bin kiɗa, kuma duk waɗannan gemu ba ya hana su.

Darasin kansa kusan iri ɗaya ne a ko'ina, yawanci awa ɗaya da rabi. Ana farawa a jikin sanda da lanƙwasa gwiwa da miƙe ƙafa da zana da'ira a ƙasa, sannan a fito tsakiyar ɗaki a yi motsi a hankali ba tare da dafa komai ba, a yi juyi, a ƙare da tsalle, a rusuna wa malami da mai kiɗa. Sabon shiga a nan yake shan wuya. Malama za ta jero motsi takwas da sunayensu na Faransanci, ta kwatanta su da tafin hannu sau ɗaya, ta ɗaga wa mai fiyano kai. Sabuwar ɗaliba ba ta kama komai ba, sai ta zuba wa ƙafar wadda ke gabanta ido tana kwaikwayo. Da an gama ɓangaren dama kowa ya juya don yin na hagu, wadda take kwaikwayo ta koma bayanta, ita ce yanzu a gaba, ba kowa sai bango. Da yawa daga wannan rana ba sa sake dawowa, suna ganin su ne ba su da basira, alhali ajin ne ba nasu ba.

Azuzuwan manya sun kasu kashi-kashi, kuma kowanne da tarihinsa. Akwai buɗaɗɗen aji, wanda kake biyan kuɗin rana ka shiga ba rajista, irin na Pineapple a Landan da Steps on Broadway a New York, dukansu an buɗe su a 1979. Irin wannan aji ya fi yi wa wanda ya riga ya iya amfani, domin malami ba ya sanin wanda zai gani gobe, ba zai iya ɗora darasi kan darasi ba. Ko ajin da aka rubuta na masu farawa ne, sau da yawa cike yake da waɗanda suka yi rawa suna yara suka dawo. Akwai kuma kwas na zango, inda rukuni ɗaya ke farawa tare daga tushe, wani lokaci bisa manhajar Royal Academy of Dance da aka kafa a Landan a 1920. Wannan shi ya fi dacewa da wanda bai taɓa yi ba.

Kashi na uku motsa jiki ne da aka aro wa sanda da wasu motsin bale, wanda Lotte Berk ta fara a Landan a 1959. Yana sa gumi, yana ƙarfafa cinya, amma ba ya koyar da rawa. Na huɗu shi ne wanda aka tsara tun daga tushe don jikin da ya manyanta. Shirin Silver Swans na Royal Academy of Dance, wanda aka ƙaddamar a 2017 don masu shekara 55 zuwa sama, yana horar da malamai musamman kan wannan. Tun kafin nan, a 2001, ƙungiyar rawa ta Mark Morris a Brooklyn ta fara azuzuwa ga masu cutar Parkinson, inda ake yin wani sashe na darasin a zaune kan kujera. Kullen korona na 2020 ya ƙara kashi na biyar, lokacin da Tamara Rojo, shugabar English National Ballet a wancan lokaci, take ba da darasi ta intanet daga ɗakin girkinta. Amfaninsa sauƙi, illarsa ba mai ganin gwiwarka ya ce ta karkace.

Masu ilimin manya a ƙasar Hausa sun san cewa ba a koya wa magidanci baƙi da wasali yadda ake koya wa ɗan aji ɗaya. Haka abin yake a nan, kuma malaman rawa kan kauce ta hanya biyu. Wani ya ɗauko tsananin makarantar yara, da tsawa da kushe jiki, ya sauke wa mutumin da ya biya kuɗinsa bayan ya wuni yana aiki. Wani kuma ya ga ai waɗannan ba inda za su, sai ya daina gyara, kowa ya yi abin da ya ga dama a ce masa madalla. Na biyun kuwa raini ne da aka lulluɓe da fara'a.

Don haka alamomin aji nagari a bayyane suke. Malami yana tambayar mai ciwon baya ko gwiwa kafin a fara, yana bayyana dalilin kowane motsi domin babba da fahimta yake koyo, yana ba wanda ba zai iya tsalle ba wani abin da zai yi a madadinsa. Daɓen ɗakin na katako ne mai ɗan lotsawa, ba siminti ba. Ba a gaggawar sa wa kowa takalmin tsayuwa kan yatsu sai idon sawu ya yi ƙarfi, abin da kan ɗauki shekaru. Mai nema ya roƙi izinin zama ya kalli darasi guda kafin ya biya kuɗin zango, ya lura ko malamin ya san sunayen ɗalibansa, ya kuma ga ko yana zuwa har layin baya ya gyara wa wanda ya fi kowa rauni.