Waya Tsakanin Ƙafar Makaɗi da Na'urarsa: Nazari Kan Haɗin Kayan Jitar Lantarki

Tun cikin shekarun 1980 makaɗan jitar lantarki a Amurka da Turai suka soma raba kayan aikinsu gida biyu: na'urar sarrafa sauti, wadda ke ƙara wa kiɗa amsa-kuwwa ko kaushi ko jinkiri, ana ajiye ta cikin akwati a bayan dandamali, shi kuwa allon taku, wato faifan ƙarfe mai jerin madannai da makaɗi ke latsawa da ƙafa domin sauya sauti alhali hannayensa biyu na kan jita, yana gaba kusa da 'yan kallo. Wayar da ke haɗa su ba ta ɗaukar kiɗa ko kaɗan, umarni kawai take kaiwa, kuma saboda haka ne ma'aunin ingancinta ya sha bamban da na wayar jita, ko da yake masu saye da yawa suna auna su da mudu ɗaya.

Tushen wannan al'ada shi ne MIDI, wata yarjejeniyar sadarwa tsakanin kayan kiɗa na lantarki da aka fitar a 1983, wadda Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan suka jagoranta. An zaɓa mata kan waya mai da'ira irin na ma'aunin DIN na Jamus, mai tsinke biyar, amma uku kaɗai ke aiki: na 4 da na 5 su ne hanyar saƙo, na 2 kuma yana haɗe da ragar ƙarfen da ta lulluɓe wayar domin kare ta daga kutsen wutar da ke kewaye. Saƙon yana tafiya ne da ɗan ƙaramin lantarki na miliamfiya 5, cikin saurin bit 31,250 a daƙiƙa ɗaya, idan ya isa na'urar da ke karɓa sai ya kunna wata 'yar fitila da ke rufe a ciki, hasken fitilar ne ke tsallaka da saƙon, ta yadda babu ƙarfen da ya haɗa wutar na'urorin biyu kai tsaye. Wannan dabara ita ce ta hana ƙugin nan da kan taso a lasifika idan na'urori biyu suka samu hanyoyi biyu na sauke wuta zuwa ƙasa, kuma ƙa'idar ta yarda wayar ta kai tsawon mita 15.

Abin da za a fahimta daga nan shi ne, saƙon da bai wuce lamba ɗaya daga cikin 128 ba, wanda ke isa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ba ya ƙara kyau don an shafa wa kan waya ruwan zinariya ko an ninka farashinta. Ko dai ya isa, ko bai isa ba. Raunin yana wani wuri dabam. Kan DIN ba shi da sakata, matsi kawai ke riƙe shi a cikin soket, alhali allon taku abu ne da ake takawa, ana ja, ana turawa da ƙafa, mawaƙi ma yakan yi tuntuɓe da wayarsa a tsakiyar waƙa. Idan aka buɗe kan wata waya mai araha da ta fara wasa, abin da aka fi tararwa shi ne silin tagulla ɗaya da ya tsinke daidai bakin dalmar da ta like shi da tsinke, yana taɓawa yana saki gwargwadon yadda wayar ta lanƙwasa. Kuma tsohuwar MIDI ba ta da tsarin amsa saƙo: mai aikawa ba ya sanin ko umarninsa ya isa, ba ya kuma maimaitawa, don haka makaɗi na iya taka madanni, fitilar allo ta nuna an sauya, amma sautin da ke fita ya tsaya inda yake.

Babbar matsalar da ta sauya fasalin wannan waya ita ce ta wuta. Allon taku yana buƙatar lantarki domin fitilunsa da allon rubutunsa, kuma gaban dandamali wuri ne da soket ke wuyar samu. Wasu kamfanoni, kamar Behringer a allonsu na FCB1010, sun bar allon da wayar wutarsa dabam. Wasu kuma, irin su Rocktron, suka koma kan DIN mai tsinke bakwai, inda ƙarin tsinken biyu ke ɗauko wuta daga bayan dandamali a cikin waya guda. Sauƙi ne na gaske, sai dai kamfanoni ba su taɓa haɗuwa kan ƙarfin wutar da za ta bi ta nan ba, ko irinta, ko tsinken da zai zama kai da wanda zai zama gindi, saboda haka wayar da ta shiga soket lafiya ƙalau tana iya ƙona allon da ba nata ba. Akwai kuma asarar ƙarfin wuta: gwargwadon tsawon waya da sirantar tagullarta, gwargwadon abin da ke zubewa a hanya, har allon ya riƙa dusashewa ko ya mutu ya sake tashi a lokacin da fitilunsa suka fi yawa a kunne. Ga kuma ƙarancinta a kasuwa, domin waya mai tsinke bakwai ba abu ba ce da ake samun aro a kowane zauren wasa.

Da na'urori suka ci gaba, sai aka so allon taku ya riƙa karɓar bayani shi ma, ya nuna sunan sautin da aka zaɓa da kuma ko tsirkiyar jita ta yi daidai, abin da a tsarin MIDI na asali ke buƙatar waya ta biyu, tun da kowace waya hanya ɗaya take bi. Nan ne kamfanoni suka aro wayar sadarwar kwamfuta mai sili takwas da kan RJ45: Line 6 a allunansu na FBV, Fractal Audio a MFC-101, Kemper na Jamus a allon Remote. Wayar tana da araha, tana ɗaukar wuta da saƙo ta ɓangarorin biyu, amma an ƙera ta ne domin ofis, inda ake soka ta sau ɗaya a manta da ita shekara da shekaru. Abin da ke riƙe kanta ɗan harshen roba ne siriri, wanda taku ɗaya ko fizga ɗaya ke ɓallewa, daga nan kuwa kan yana zamewa da kansa ba tare da ya faɗo ba, ido na ganin waya a soke alhali haɗin ya yanke. Maganin da ya karɓu shi ne etherCON na kamfanin Neutrik da ke Liechtenstein, wanda ya sanya kan RJ45 cikin kwanson ƙarfe mai sakata. Duk da haka kwanso ba ya gyara abin da ke cikin waya. Wayar sadarwa iri biyu ce: mai sili ɗaya ƙaƙƙarfa da ake binnewa a bango, wadda naɗewa da warwarewa ke gajiyar da ita har ta karye a ciki, da mai tarin ƙananan silalla da ke jure lanƙwasa, ta biyun ce ta dace da dandamali. Mafi muni ita ce wadda cikinta alminiyum ne aka shafa masa tagulla, domin ta fi saurin karyewa kuma ta fi cin wuta a hanya. Ya kamata a lura kuma cewa kamannin soket ba ya nufin harshe ɗaya. Wasu daga cikin waɗannan alluna siffar wayar kawai suka ara, kuma soka su a na'urar intanet na iya jawo ɓarna.

A ra'ayin da ya fi ƙarfin hujja, mafitar da ta fi dacewa da rayuwar dandamali ita ce wadda Fractal Audio suka koma gare ta da tsarin FASLINK, inda wuta da saƙon ɓangarorin biyu ke bi ta wayar makirufo ta yau da kullum mai kan XLR. Wannan kai na ƙarfe ne, yana da sakata, tsinkensa uku masu kauri ne da ake iya sake like su da dalma cikin 'yan mintoci, kuma babu mai kula da sauti a duniya da ba shi da irin wayar a akwatinsa. Ƙarfinta ne kuma ke haifar da haɗarinta, domin a cikin duhun bayan dandamali tana kama da sauran wayoyin makirufo sak, kuma tebur mai haɗa sauti yakan tura wuta mai bolt 48 ta irin wannan soket domin wasu makirufo. Shi ya sa masu lura ke naɗa mata tef mai launi a kawunan biyu.

Sauran hanyoyin ba su kai waɗannan ba idan tazara ta yi nisa. Ƙaramin kai irin na abin sauraro a kunne, wanda aka tsayar wa ƙa'ida a 2018 bayan kamfanoni sun riga sun rabu kan tsari biyu masu saɓani, yana fita da 'yar fizga. USB ba ta wuce mita 5 a ƙa'idarta ta 2.0, tana kuma haɗa wutar na'urorin kai tsaye, wato tana buɗe wa ƙugi ƙofar da MIDI ta rufe. Bluetooth tana aiki lafiya a ɗaki, amma a zaure tana takara da ɗaruruwan wayoyin hannu a kan zango ɗaya na gigahaz 2.4.

Masu aikin kayan makaɗa a tafiye-tafiyen wasa sun fi dogara da gwaji fiye da sunan kamfani. Sukan soka wayar, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa fedar ƙarar sauti sama da ƙasa domin saƙo ya yi ta gudana ba yankewa, ɗaya kuma yana murɗa wayar a wuyan kowane kai yana duban ko lambobin da ke allo za su tsaya ko su yi tsalle. Bayan haka sai a ɗaure wayar a jikin allon da ɗan rara, domin fizga ta ƙare a kan ɗaurin kafin ta kai ga soket, a like ta da tef a inda mutane ke wucewa, a kuma shimfiɗa ta biyu a gefenta tun kafin wasa idan irinta ba ta samuwa a garin.