Gwanintar Zaɓa wa Kare Mai Tsirfa Abin Wasa

A Turai da Amurka akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai kayan dabbobin gida, kuma sashe guda ake ware wa kayan wasan karnuka: ƙwallaye, igiyoyi, ƙasusuwan roba, 'yan tsana masu ƙara. Mutum zai kwaso na kuɗi masu yawa ya kai gida, karen ya shinshina sau ɗaya ya juya ya yi kwanciyarsa. Sai maigidan ya ce ai karensa tsirfa gare shi. Mu da muka san kare da gadi da farauta, wannan ƙorafi dariya zai ba mu. Amma masu horar da karnukan 'yan sanda da na kwastan ba sa ɗaukarsa da wasa, domin karen da ke shinshino miyagun ƙwayoyi a filin jirgin sama ba albashi yake karɓa ba. Sau da yawa ladansa shi ne a jefa masa ƙwallonsa, ko a miƙa masa naɗaɗɗen tawul su yi ta ja da mai kula da shi. In ba a gano abin da ransa ke so ba, aikin ba zai tafi ba.

Gwani ba da shago yake farawa ba, karen yake zuba wa ido. Ya san wasan kare guntun farauta ne. Masanin halittu Raymond Coppinger ya bayyana farautar daki-daki: hangowa, laɓaɓawa, bi da gudu, cafka, kisa, sannan yayyagawa. Zaɓen iri da mutane suka daɗe suna yi ya ƙarfafa wani mataki a jinin wani kare, ya raunana wani. Labrador an raine shi ne don ɗauko tsuntsun da aka harbo, shi ya sa burinsa ya riƙe abu mai laushi a baki ya kawo. Teriya makashin ɓeraye ne, a ba shi abin da zai girgiza ya ji yana tsuwwa. Shi kuwa Border Collie, makiyayin tumakin iyakar Ingila da Sikotilan, motsi ne ke jan hankalinsa. Don haka gwani yakan tambayi mai kare: me yake sata a gida? In takalmi yake tauna, roba mai tauri yake nema. In matashin kai yake farkewa, yayyagawa ce damuwarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannun gwanin. Mu gama-gari mukan tura wa kare abin wasa a hanci, shi kuwa sai ya kau da kai. Gwani ɗaure abin yake yi da igiya, ya ja shi a ƙasa nesa da karen, ya tsaya cak, ya sake fizga, ya ɓoye shi bayan kujera. Zomo dai ba ya kawo kansa bakin kare. Kafin ka ankara, karen da aka ce ba ya wasa ya miƙe kunnuwa. Sannan gwanin yakan janye abin tun karen bai ƙoshi ba, don gobe ya zo da marmari.

Launi ma yana da nasa. Binciken Jay Neitz da abokan aikinsa a Kalifoniya a 1989 ya nuna shuɗi da rawaya ne kare ke rarrabewa sosai, ja da kore kuwa kusan ɗaya suke a idonsa. Jan ƙwallo a kan ciyawa mai saye ne yake burgewa.

Akwai kuma saurin gundura. A wani gwaji da Kaulfuss da Mills suka wallafa a 2008, an ajiye wa karnuka sabon abin wasa tare da waɗanda suka saba da su, sai suka fara zaɓar sabon sau 38 cikin 50. Gwani ba ya cewa a yi ta saye. Ɓoye yawancin kayan yake yi, ya bar biyu ko uku, bayan 'yan kwanaki ya musanya.

Karen da ya ƙi komai kuma, ta ciki ake kamo shi. Robar nan mai rami da ake kira Kong, wadda ta shiga kasuwa a 1976, wani mai garejin gyaran mota ne a Denver, Joe Markham, ya ƙirƙiro ta. Karensa Fritz na ta tauna duwatsu yana lalata haƙora, sai Markham ya ga ya maƙale wa wata robar ƙarƙashin motar Volkswagen, daga nan ya samo dabarar Kong. Yau ana cusa mata abinci ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa a daskarar a firiji, kare ya daɗe yana lasa. Sai dai a duba kada gyaɗar ta ƙunshi sinadarin zaƙi na xylitol, guba ne ga kare.

Kafin ka biya kuɗi, danna abin da farcen babban yatsa. In bai lotsa ko kaɗan ba, zai iya fasa haƙori. In kuma zai shige bakin karen gaba ɗaya, bar shi a shagon, ka ɗauki wanda ya fi shi girma.