Dinarin Ruma: tsakanin kyan fuska da shaidar tarihi

Duk wanda ya buɗe kundin masu gwanjon tsoffin kuɗin Ruma zai tarar ma'auni guda ne ke mulki a cikinsa, wato kyan gani. Dinarin da fuskar sarki ta fito sarai a jikinsa shi ake yi wa kirari, wanda hannu ya cinye kuwa sai a zuba shi cikin tarkace. A ganina wannan ma'auni ya juya wa tarihi baya.

Dinari ya bayyana wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, ana tsakar yaƙi da Hanibal. A zamanin Ogustus azurfa ce kusan tsantsa. A shekara ta 64 Nero ya rage masa nauyi, ya gauraya shi da jan ƙarfe. Zamanin Septimiyus Seberus, da albashin soja ya ƙaru, azurfar ta koma wajen rabi. A 215 Karakala ya buga sabon kuɗi a matsayin dinari biyu, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne, kuma wajen 270 azurfar da ke cikinsa ba ta kai biyar bisa ɗari ba. Ƙarfen ya faɗi abin da fada ta ɓoye.

Mu dubi dinarin da Markus Antoniyus ya buga wa rundunoninsa a 32 da 31 kafin Annabi Isa. Da yake azurfarsa ta gaza ta sauran, mutane suka adana nagari, shi kuwa suka yi ta kashe shi a kasuwa. Ya yi shekara fiye da 200 yana yawo, har hoton jirgin ruwan da ke jikinsa ya kusa shafewa. Gogewar nan da ke karya masa farashi ita ce shaidarsa.

Ba a musun cewa masu tarawa sun tsirar da kuɗi masu yawa daga makera. Sai dai kasuwarsu tana raba kuɗi da wurin da aka tsince shi. A 2010, a Frome ta ƙasar Ingila, wani ya gano tulu ɗauke da kuɗi 52.503, ya bar shi a cikin ƙasa, ya kira masana. Da an watsa su ɗai-ɗai, da ba mu san yadda aka binne su ba.

Malamin da zai kai zancen nan aji yana da ƙofar shiga: daga dinarin Ruma Larabawa suka samo sunan dinarinsu, daga gare su muka samo kalmar zinariya. Sunan kuɗin azurfa ne ya iso mana.