Eliza ta koyi lafazi, ta rasa gida

A ajin ilimin furuci malaminmu ya nuna mana Pygmalion, fim ɗin Ingila baƙi da fari na 1938, wanda aka ɗauko daga wasan kwaikwayon George Bernard Shaw. Da farko dariya muka yi ta sha. Da aka kunna fitila kuwa, ni dai jikina ya yi sanyi.

Farfesa Higgins masanin furuci ne. Ya ci karo da Eliza tana tallan furanni a Covent Garden, a Landan, tana magana da lafazin talakawan birnin. Sai ya yi caca da Kanar Pickering cewa cikin wata shida zai gyara mata baki har a ɗauke ta ƴar sarauta. Kuma ya ci. A liyafar jakada, wani tsohon ɗalibinsa ya saurare ta, ya yanke cewa gimbiya ce daga Hangari.

Nan fim ɗin ya burge ni. Kyamara na matsowa kusa da fuskar Wendy Hiller tana fama da wasula, mu ga gajiyar da mai kallon dandamali ba zai hango ba. Yarinyar nan ba ta canza jini ba, furuci kawai ta canza, amma duk aka miƙe mata. Ashe darajar da ake tutiya da ita koyonta ake yi.

Inda muka raba gari shi ne ƙarshe. A wasan Shaw, Eliza ta fita ta bar Higgins. A fim kuwa ta dawo, shi kuwa silifas ɗinsa yake tambaya. An faranta wa ƴan kallo, an danne tambayar da ta fi ciwo: wadda aka raba da bakin unguwarsu, ba ta iya komawa talla, manya kuma ba nata ba ne, ina za ta?

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu sun rataya sambol a lakkwal don sun yi Hausa. Mu ma muna yi wa ɗan Adar dariya in ya ce “hwari”, kamar “fari” ce kaɗai ta halal.

To ƴan uwa masu nazarin harshe, ku nemi fim ɗin ku kalla. Higgins ya san kowane sauti na bakin Eliza, bai taɓa tambayarta abin da take so ba. Gobe mu ne za mu riƙe rakoda a gaban tsofaffin ƙauyukanmu.