Layi biyu, makulli a hannun wani

In ka shiga wajen masu sai da salula a Maraɗi, tambayar farko ita ce: layi nawa take ɗauka? Muna da hujja. Inda rezon Airtel ya mutu, na Moov ko Zamani kan kama, kuma wanda aka taɓa aiko wa salula daga Faransa a kulle da layin can ya san wahalar kai ta dekode. Tecno, Itel da Infinix (duk na Transsion ne fa, kamfanin ƙasar Sin) da wannan suka ci kasuwarmu.

Ni dai wannan ƴancin bai ishe ni ba. Tawa, ba zan faɗi sunanta ba, ta zo da manhajojin da ban nema ba, ba su goguwa, suna shanye mini mega, talla na faɗowa ina tsakar bitar darasi. Shekara biyu, sabuntawa ta tsaya. Jika sittin na biya, amma wani ke riƙe da makulli.

Android kuwa asalinsa a buɗe yake. Salular da ake iya buɗe ƙofar tsarinta, wato bootloader, irin Pixel ko Fairphone, kana iya share na kamfani ka sa LineageOS, ta ƙara shekaru. Huawei tun 2018 ya daina ba da lambar buɗewa.

Na sani, sabuwar Pixel ta fi ƙarfin bursin ɗalibi, kuma in gilashinta ya fashe, samun wani a Damagaram aiki ne. Tsohuwa nake nema, wadda ba kamfanin layi ya sayar ba, don wasu daga cikin waɗannan ba su buɗuwa sam.