El-Kanemi Warriors: Gwanar Kofi, Baƙuwar Firimiya

Wanda ya zauna a teburin mai shayi a unguwar Hausari ta Maiduguri da yammacin Asabar zai ji ana musun Arsenal da Real Madrid kamar a Landan ko Madrid aka yanke cibiyar masu musun. Amma da zarar wani dattijo ya ambaci 1991, sai hirar ta dawo gida. A shekarar ce El-Kanemi Warriors ta doke Kano Pillars da ci 3-2 a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale. A 1992 ta sake ɗaukar kofin bayan ta ci Stationery Stores ta Legas 1-0. Ƙungiyar da aka kafa a 1986, wadda ba ta cika shekara bakwai ba, ta kawo wa Yerwa, wato Maiduguri, kofi mafi daɗewa a Najeriya sau biyu a jere.

Sunan ma da nauyinsa. An ɗauko shi daga Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi, malamin da ya tsaya wa daular Borno a farkon ƙarni na 19, ya kafa Kukawa a 1814. Shi ya sa mutumin Maiduguri, Babarbare ne ko Bahaushe ko Shuwa, yake jin ƙungiyar tasa ce. A farkon shekarun 1990 ta samu koci irin marigayi Shu'aibu Amodu, wanda daga baya ya riƙe Super Eagles. A 1993 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar masu riƙe da kofi ta Afirka, inda Al Ahly ta Masar ta fitar da ita.

Tun daga nan tarihinta ya zama na hawa da sauka. Ta kai wasan ƙarshe na kofin Najeriya a 2001, Dolphins ta Fatakwal ta doke ta. Ta faɗa ajin gajiyayyu ba sau ɗaya ba. A 2023 ta sake faɗuwa, a 2024 ta dawo Firimiya, kuma a shekarar da take ƙaramin rukuni ta lallasa Abia Warriors 2-0 a Legas, ta ɗauki kofinta na uku ƙarƙashin koci Aliyu Zubairu. Abin lura shi ne, duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa lashe gasar Firimiya ba.

Wannan ba sa'a ba ce kawai, yana da nasaba da yadda ake riƙe ƙungiyar. El-Kanemi ta gwamnatin jiha ce, kamar Pillars da Katsina United da Wikki Tourists. A Arewa, gwamnati ce uwar dukkan wasanni: ita ke ciyar da 'yan ƙwallon ƙafa, ita ke riƙe da 'yan ƙwallon hannu irin Borno Spiders, ita ke gyara fili. An ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, to amma idan uwar na da 'ya'ya da yawa, ga yaƙi, ga 'yan gudun hijira, sai ya jira a zo kansa. Gasar kofi sili-ɗaya-ƙwale ce, wasanni kaɗan ne, kuma alƙawarin kyauta daga gidan gwamnati na iya ɗaga zuciyar 'yan wasa na 'yan makonni. Firimiya kuwa wasa 38 ne. Tana buƙatar albashi a kan kari, da mota mai lafiya, da 'yan wasan da ba za su watse ba idan kaka ta ƙare. Ga kuma nisa: babu ƙungiyar Firimiya da ke shan doguwar hanya kamar ta Maiduguri, domin zuwa Legas ko Fatakwal a mota sai an kwana a hanya.

Za a iya cewa ai Pillars ma ta gwamnati ce, ga shi ta lashe Firimiya a 2008, 2012, 2013 da 2014. Gaskiya ne, sai dai Kano tana tsakiyar hanyoyi, tana da 'yan kasuwa da 'yan kallo masu cika filin Sani Abacha. A wasu daga cikin shekarun da Pillars ke cin moriyar gidanta, El-Kanemi ba ta da gida. Rikicin Boko Haram ya tilasta mata karɓar baƙi a Kano, sannan a Katsina, sai a 2016 ta dawo Maiduguri. Dawowar nan ta fi ƙwallo girma a wajen mutanen gari, domin taruwar dubban mutane a fili ɗaya ba tare da fargaba ba shaida ce cewa Yerwa ta fara numfashi. Ko a Satumbar 2024, watanni kaɗan bayan murnar kofi, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da dama. A irin wannan hali, wa zai zargi gwamnati idan ta fifita gyaran asibiti a kan alawus ɗin ɗan wasa?

A nan ne Al Ahly, wadda ta tare mata hanya a 1993, take da darasi. An kafa ta a Alƙahira a 1907, shekarar da aka kafa Maidugurin yanzu. Ita ma gidan wasanni ce da yawa: ƙwallon ƙafa, na hannu, na kwando, na raga. Amma tana da mambobi masu biyan kuɗi duk shekara, su ne suke zaɓen shugabanta, kuma kamfanoni na rububin manna sunansu a rigarta. Ministoci na zuwa su tafi, ƙungiyar tana nan daram. El-Kanemi kuwa tana da masoya, ba ta da mambobi. Masoyi yana tafi ranar nasara, ya yi zagi ranar rashin nasara, amma ba shi da ta cewa kan wanda zai shugabanci ƙungiyar ko yadda aka kashe kuɗinta.

Ba a ce gwamnati ta janye hannunta ba, domin in ta janye yau, gobe babu El-Kanemi. Abin da ya dace shi ne a buɗe rajistar mambobi, a ba 'yan Kasuwar Monday da attajiran gari damar sa hannun jari, a riƙa bayyana kuɗin ƙofa, a kuma raya ƙungiyar matasa da za ta tsinto yaran da ke buga ƙwallo a lungunan Hausari da Gwange da Bulumkutu. Matashin da ke biyan kuɗin gidan kallo duk mako don ƙungiyar Ingila zai iya sayen katin ƙungiyar garinsu, muddin ya san inda kuɗinsa ke zuwa. Kofuna uku sun nuna Borno ba ta rasa 'yan wasa ba. Kofin Firimiya kuwa ba zai zo Yerwa ba sai ƙungiyar ta samu masu ita.